Dutsen Bayan Garinmu a Kan Falanki

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum muka koma Gummi, zanen allunan shaguna nake yi. Kifi, buhun shinkafa, sai wani kan aski da duk gari ya yarda bai yi kama da kowa ba. Wata rana Inna ta ce tunda na iya ɓata katakon mutane, in zana mata garinmu ta rataya a ɗaki. Ta san ba za ta sake ganinsa ba. Ƙafafunta sun ƙi, hanyar kuma ba ta biyuwa.

Wanda ya koya mini fenti, wani mai zanen bayan manyan motoci, ya taɓa nuna mini yadda ake sa nisa a hoto. Abin da ke kusa a ba shi launi mai kauri, a fito da shi dalla-dalla. Na nesa a ƙara masa fari da ɗan shuɗi, a tsinka fentin da kananzir har ya kusa ɓacewa cikin sama. Haka na yi a kan falanki. Tsamiyar ƙofar gida na fito da ita har da ɓawo, gonakin gero suka yi ta ƙanƙancewa, dutsen bayan gari ya koma shuɗi-shuɗi can ƙurya. Ban taɓa aiki mai kyawun wannan ba, har na kira maƙwabta su zo kallo.

Inna ta daɗe tana dubawa, ta ce tsamiyar ta yi. Sannan ta ɗora yatsa a kan dutsen ta tambaya wa ya wanke shi. Na yi mata bayanin nisa da iska, har da misalin tsallaken gulbi. Ta saurare ni tsaf kamar mai jin wa'azi.

"Babanku na kwance gindin dutcin ga," ta ce. "Maido mani shi kusa."

Can maƙabartarmu take. Raina ya sosu, don na san abin da zai sami hoton. Na dama baƙi da ja, ban sa kananzir ba, na shafe shuɗin. Dutsen ya taso ya zauna bisa rufin gidanmu, gonakin suka rasa inda za su.

Hoton yana nan rataye a gefen gadonta. Baƙi sukan duba su ce mai zanen bai ƙware ba, ni kuma in ce ƙwarai kuwa. Fentin gindin dutsen ya fara gogewa, daidai inda hannunta ke kaiwa daga kwance.