Ranar da Aka Rabar da 'Ya'yan Karyata

Har yau ban manta yadda karyar nan tawa ta ƙare ba. Ita ce ke gadin awakina tun da maigidana ya fara tafiya birni leburanci da rani, kuma ko akuya ɗaya ba a taɓa ɗauke min ba.

Da ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba aka fara zuwa kamu. Haka ake yi a garinmu: mutum ya ɗaura wa kwikwiyon da yake so tsumma a wuya, ya zama nasa, in an yaye ya zo ya ɗauka. To, na tafi suna Bici na kwana, na dawo na tarar da ƙarƙashin rumbu wayam. Wan mijina ya rabar da su kaf, wai masu lambu sun matsa masa, kuma kare ya fi sabo in an ɗauke shi da ƙuruciya. Na ce, "Yaya, ai ba a yaye su ba." Ya ce, "Karya ce fa, ba mai jego ba."

Ni da na shayar da 'ya'ya na san abin da nono ke yi in ya cika ba mai sha. Nata ya kumbura ya yi tauri, ya yi ja, in ka taɓa zafi rau. Ta daina cin abinci, ta kwanta tana haki. Na dinga gasa mata da tsumma da ruwan ɗumi, ina tatsewa a hankali, abin da ke fita rabi nono rabi mugunya. Matan gida suna leƙe suna toshe hanci, wai na zama ungozomar karnuka. Ban kula su ba, sai dai in wanke hannuna in yi sallata.

Na aika aka kira malamin dabbobi daga Bagwai. Ya yi mata allura, ya ce in ci gaba da gashi, kuma a dawo da 'ya'yan su tsotsi nonuwan da ba su lalace ba, kafin su ma su kamu. Na yafa mayafi na bi gida-gida ina roƙon aron abin da daga gidana ya fito. Wani ya ce kyauta ba ta komawa. Wani ya ce in ya koma wurin uwar zai manta da su. Maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda nake jin kukan nasa kwikwiyon daga tsakar gidana, ya ce ya riga ya yanke masa kunne, ai kuwa ya zama ɗan gida. Wallahi ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba. Kowa na son mai gadi, ba mai son sanin uwar da ta haife shi.

Sauran nonuwan suka kamu, ɗaya ya yi baƙi ya fashe. Da malamin ya dawo, ya duba ya girgiza kai, ya ce ciwon ya shiga jini. Ta mutu da hantsi, kanta a kan ƙafata.

Ba wanda ya yarda ya taɓa gawar. Ni na ja ta a buhu zuwa bayan gari, na ɗauki fartanya. Ina cikin haƙa sai ga maƙwabcin nan da kwikwiyo a hannu, ya rame, duk haƙarƙari a waje. Ya ce, "Ga shi na kawo, ya ƙi shan koko, ya hana mu sakat. A bar shi ya ɗan sha wurin uwar." Ya ajiye shi ƙasa, kwikwiyon ya tafi yana tangaɗi har bakin buhun, ya fara tura hanci.