Malam Isyaku Mai Gyaran Carbi

Ranar wata Talata bayan La'asar, a ƙofar masallacinmu na Shahuci, na yi abin kunyar da har yanzu ba a gama yi mini dariyarsa ba. Ni dillalin gidaje ne, baki ne jarina. Ina tsaye ina ba mutane labarin wani gida da na kusa sayarwa, ina wulwula carbi a yatsa kamar fanka, sai na ji fat! Zare ya tsinke. 'Ya'yan carbi suka watse, wasu cikin takalman mutane, wasu ƙarƙashin tabarma, ɗaya ya sami ladan a goshi. Haka na durƙusa da babbar riga, ni mai shekara hamsin da biyu, ina rarrafe tsakanin ƙafafun dattawa. Na tsinci casa'in da shida. Uku sun bi kwata.

Da carbin kasuwa ne, ko sunkuyawa ba zan yi ba. Na mahaifina ne, na baƙin itacen kanya, shekara arba'in yana jan sa kafin ya rasu. Mahaifiyata, Hajiya 'Yardada, ita ta ɗauka ta ba ni, ta tsallake yayyena biyu, kuma har yau ba su gane dalili ba, ni ma ban gane ba. Duk Juma'a idan na je gaishe ta, kafin ta amsa sai ta miƙo hannu. In ɗora mata shi, ta ja shi zagaye ɗaya, ta mayar mini. Idonta ya yi rauni, amma yatsunta lafiyarsu ƙalau. Kwana uku ke gare ni.

Ladan, yana shafa goshi, ya ce in nemi Malam Isyaku a Zangon Barebari. Ya ƙara da cewa, "Amma kai, Ɗanladi, ban ga yadda za ku ƙare da shi ba."

Laraba da hantsi na same shi a zauren gidansa. Siririn dattijo ne, ya ba saba'in baya, yana zaune kan buzu daidai inda hasken ƙofa yake faɗowa. Gabansa tasa ɗaya, allura, ƙullin zare, ɗan curin kakin zuma, da wani tsohon gwangwanin madara cike da 'ya'yan carbi iri-iri waɗanda masu su suka bari. Marayu yake ce musu.

Na yi sallama, na ce, "Babarbare, bawanmu, ga aiki na kawo maka, carbin mahaifina ne."

Ya dubi hancina ya ce, "Bafillace ne ashe. Zauna, kada iska ta ɗauke ka."

Ya juye 'ya'yan a tasa, ya ɗaga guntun zaren ya duba inda ya tsinke. "Wannan ba ja ne ya cinye shi ba. Carbin da ake ja, zarensa a hankali yake sirancewa, ko'ina daidai. Wannan a wuya ya yanke. Wulwula shi kake yi."

Na ce iska ce. Bai kula ni ba, ya faɗa mini ƙa'idarsa. Ba a bar masa aiki a tafi. Mai carbi zai zauna ya riƙa miƙo masa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗa zai zura shi da istigfari ɗaya a zuci, mai miƙowa ma ya yi nasa. Ba magana har a kai ƙarshe. In aka yi magana, sai ya zare duka a koma farko.

Na ce, "Wannan ai sauƙi ne."

A ɗa na goma sha huɗu wata akuya ta leƙo zauren, na ce ta yi kama da wani surukina. Malam Isyaku ya karkata zaren, 'ya'yan suka zubo cikin tasa, ƙarar tasu kamar ruwan sama a kan kwano. Muka sake. Na daure har sittin da wani abu, sai wayata ta yi ƙara. Kafin in yi tunani na ɗauka: "Alhaji, ga ni nan a Kabuga, minti biyar!"

Ya zare su. Ya ce, "Da carbin mahaifinka a hannu kake Kabuga? Je ka, gobe ka dawo. Idona ba ya wuce Azahar."

Ban tafi ba, domin tunda an rufe aiki an buɗe hira. A nan na ji tarihinsa, rabi daga bakinsa, rabi daga maƙwabcinsa mai sayar da turare.

Kakan Malam Isyaku ne ya zo daga Barno da fataucin kanwa. Shi kuwa masaƙa ya shiga yana saurayi, shekara ashirin da shida yana tsaye gaban inji, har kunnensa na hagu ya mutu. A lokacin Isyaku Wuta ake kiransa. Mai turare ya ce ya taɓa bin wani mai keke da gudu tun daga Jakara har bakin kasuwar Kurmi, don kawai ya fantsa masa ruwa. Da aka rufe masaƙar sai ya dawo gida ya zauna, shekara guda cur yana faɗa da kowa, har da kajin gidan.

Matarsa Indo ce ta gaji. Wata safiya ta ajiye masa tsinkakken carbinta a cinya, ta ce tunda hannunsa ba shi da aiki sai nuna mutane, ga wannan. Malam Isyaku ya ce da ya gama zura shi sai ya lura tun hantsi bai zagi kowa ba. Ya tsinke shi da gangan ya sake. Daga nan maƙwabta suka fara kawo nasu.

Indo ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsu Nana Hauwa, malamar firamare, ta yi ta fama ya koma gidanta ya huta, ya ƙi. Masu kawo aiki ma sun ragu, yanzu kowa ɗan abin dannawa yake ɗaurawa a yatsa. Na zuga shi ya soki abin, ya ce, "Mai dannawa ya danna. Wanda ake kira yana ji."

Na tambaye shi ko a wurin wane shehi ya karɓi wannan wuridi na shiru. Ya ce babu shehi. Shi dai ya gano in bakinsa yana motsi, zuciyarsa ba ta samun layi.

Alhamis na bar wayar a gida. Na zauna, na fara miƙawa. Ashirin na farko azaba ce: maganganu suka yi ta taruwa a maƙogwarona, har da wata mai daɗi a kan hularsa. Na haɗiye. Wajen arba'in na fara jin abin da ke hannuna. Wasu 'ya'yan sun lotsa a gefe ɗaya, daidai inda babban yatsan mahaifina yake sauka. Shekara tara carbin yana wurina, ban taɓa lura ba. Na tuna shi zaune bayan Asuba, ba ya ce wa kowa komai sai rana ta fito, mu kuwa muna cewa fushi yake yi. Daga nan ban san yadda muka kai casa'in da shida ba.

Malam Isyaku ya jawo gwangwanin marayu, ya tona, ya fito da uku baƙaƙe. Ya zura su, ya ɗaure, ya shafe ƙullin da kaki, ya miƙo mini. A ido ba ka bambance su. Da na shafa kuwa, sababbin ukun sun fi sauran kaushi.

Na ce, "Malam, an buɗe baki?"

"An buɗe."

"To, ka ɗan goge ukun nan da wani abu su yi santsi. Gobe Hajiya mahaifiyata za ta ja shi. In ta ji su, na shiga uku. Ka taimaki ubangidanka, ka gyara yadda ba za ta gane ba."

Ya mayar da murfin gwangwaninsa, ya juyo mini da kunnensa mai ji.

"Shekara hamsin kana magana ba wanda ya tambaye ka. Yau da ka sami magana ɗaya da ta zama dole ka faɗa wa mahaifiyarka, ita kake so in goge maka? Tashi, Bafillace, ka tare mini haske."