Hannun da Na Danne

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba. A shekarun da na yi ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, masu zuwa awo kan ce gara allurata da bakina.

Wata safiya aka kawo wata kurma daga wajen Fadan Kagoma a kan mashin, cikinta wata tara, uwar mijinta na riƙe da katinta. A lokacin ba mu da tafinta, duk wanda ya rako kurma shi ne bakinsa. Na ga ta galabaita, na sa mata ƙarin ruwa a hannun dama. Sai ta yi ta fizge-fizge, tana nuna cikinta tana kaɗa yatsu, har allurar ta fita sau biyu.

"Sista, bar shi, haka yake yi in ya ji tsoro," in ji uwar mijin, tana nufin matar. "Ko mu a gida ba duka muke gane shi ba."

Na mayar da allurar, na naɗe hannun da filasta a jikin katako, na danne na hagun, ina ta zazzaga faɗa ga wadda ba ta ji na.

Allah ya sa wata malama mai koyar da kurame ta zo duba ƙanwarta a gadon kusa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Sista, kin ɗaure mata baki fa."

Na saki. Da hannu ɗaya matar ta yi magana, malamar na fassarawa: tun jiya da rana ɗan bai motsa ba. Ta gaya wa uwar miji, ta gaya wa mai ba da kati, ni ma ta gaya mini sau biyu.

Na saurari cikin, bugun zuciyar can ƙasa-ƙasa. Muka ruga da ita ɗakin tiyata. An ciro yaron da cibiya naɗe a wuya, sai da aka sha fama kafin ya yi kuka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bakin nan nawa da ake tsoro, kan shugabannin asibiti na juya shi. Na hana su sakat har suka ɗauki malamar aikin tafinta, Litinin da Alhamis, ranakun awo.

Ranar da matar ta kawo yaron rigakafi, malamar ta gaya mini kurame kan raɗa wa mutum suna da hannu, daga abin da suka san shi da shi. Na tambayi nawa sunan, ina zaton tabarau ɗina ne. Matar ta yi murmushi, ba na ƙeta ba, ta kama wuyan hannunta na hagu ta danne. Har yau da shi kuramen Kafanchan ke kirana, ina kuwa amsawa.