Ranar da Taubashina Ya Rufe Ruwan Injinsa

Tayil ɗin da ke bin gindin bangon falona iri biyu ne, ko da yake daga kwali ɗaya suka fito. Daga bakin ƙofa zuwa taga, duk wanda aka yanka bakinsa sumul yake. Daga taga zuwa kusurwar gabas kuwa, in ka durƙusa ka shafa, za ka ji gefen duk ya ɓaɓɓantare. Baƙo ba ya lura. Matata ma sai da na nuna mata. Ni kuwa ko ido a rufe na san inda aikin ya canza, domin ina tsaye a wurin sa'ad da ya canza, kuma bakina ne ya canza shi.

Wanda ya shimfiɗa tayil ɗin taubashina ne, ɗan gwaggota da ke aure a Argungu. Ya girme ni da shekara biyu. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara “bawana” nake kiransa, shi kuma yana ce mini “Akawu” tun ban san hanyar ofis ba. Ban tuna mun taɓa yin maganar minti biyar babu tsiya a ciki ba. Ko a zaman makoki muka haɗu, sai manya sun harare mu.

Sana'arsa ke nan, shimfiɗa tayil da yankan dutsen kanta da gurzar daɓen tarazo. Yana da injin hannu mai faifai, wanda masu aikin ke kira giranda, kuma yadda yake ji da injin nan ko amarya sai haka. Abu biyu ya yi masa da ban taɓa gani a hannun kowa ba. Na farko, ya yanke ƙafar safa ya sanya wa gindin injin, daidai inda 'yan ƙofofin shan iska suke. Na tambaye shi ko injin sanyi yake ji.

“Kai dai ba ka san komi ba sai biro,” in ji shi. “Injin ga numhwashi shikai awa mutum. In ƙura ta shiga hancinai, ya mutu.”

Na biyun shi ne ruwa. Ya sayi robar ƙarin ruwa sabuwa a kemis, irin wadda ake sa wa marar lafiya. Ya huda murfin galan ya cusa kanta, ya rataye galan ɗin a ƙusa sama da kansa, ɗaya bakin kuma ya ɗaure shi da waya a jikin murfin faifan, yadda ruwa zai riƙa sauka daidai inda faifai ke cin tayil. A jikin robar akwai ɗan tayan nan da nas ke murzawa da babban yatsa. Da shi yake auna ruwan. In tayil ne, ɗigo-ɗigo. In dutse ne, sai ya ƙara har ya zama siririn zare. In ya yi yawa ruwan zai fantsama cikin injin wutar lantarki ta ja shi, in ya yi kaɗan faifai ya yi zafi ƙura ta tashi. Bai taɓa duban tayan ba in yana murzawa, da kunne yake ji. Ya ce kukan faifai mai ƙishirwa daban ne. In yana aiki, abin da ke gangarowa ƙasa farin kunu ne kawai, iskar ɗakin kuwa tas.

Lokacin da na kai ga shimfiɗa tayil a gidana na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, shi na kira. Azumi ya faɗo cikin bazara a shekarar, kuma wanda ya san Birnin Kebbi a bazara ya san abin da nake nufi. Ana tashi ofis da wuri, sai in hau mashin in biya ta wurin ginin, wai duba aiki, alhali neman inda zan kashe lokaci nake yi. Ni mutum ne da in yunwa ta kama ni bakina ke yin kaifi. Matata ta sani, abokan aikina sun sani.

Ranar, bayan azahar, na shiga na same shi durƙushe kusa da taga, janareta na kuka a waje. Akwai mai fenti da wani kafinta suna hutawa a bakin ƙofa. Faifai na juyawa, yana feso wani ɗan raɓa-raɓa, rana ta taga tana haska shi. Gemunsa ya jiƙe, girarsa ta jiƙe, leɓɓansa na ƙyalli. Ni kuwa harshena kamar tsumma. Gaskiyar magana kishi na ji. Na jira ya kashe injin, na ɗaga murya don na ƙofa su ji.

“Bawana, ashe dabara ta kay yi! Mu muna azumi, kai kana shan ruwa da inji. Diba leɓenka, ya hi na kwaɗo laima. Wanga azumi naka ko rabin lada ba shi kaiwa.”

Mai fenti ya tuntsire da dariya. Kafinta ya ce wallahi Akawu ya kama ka. Na tsaya ina jiran ramuwa, domin bai taɓa barina in ci bulus ba. Bai rama ba. Ya shafa bakinsa da bayan hannu, ya dubi hannun, ya juya ya tofar da yawu ta taga. Sannan ya miƙa yatsa ya murza tayan har ƙasa. Ina ganin ruwan ya tsaya cak a cikin robar, da wani ɗan kumfa a tsakiya.

Ya kunna injin. Kafin ya gama yanka ɗaya ɗakin ya yi fari fat. Mu uku muka ruga waje muna tari muna dariya. Shi ya zauna a ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san halinsa. Mutum ne da in ya yi kokwanto a alwala sai ya sake ta, ko da an tayar da salla. Gwaggo ta sha yi masa faɗa a kan haka. Na san inda zan taɓa ya ji, shi ya sa na taɓa nan ɗin. Da yamma ya fito fari tun daga gashi har ƙafa, sai idanu, na ce ga fatalwa ta zo shan ruwa. Wannan karon ya rama, muka yi dariya, muka sha kunu tare. Na ɗauka magana ta wuce.

Bayan Salla ya buɗe ruwansa. Amma da wani azumin ya zagayo sai ya sake rufewa, haka na bayansa. Kuma a wannan sana'a babu watan da ya kai azumi aiki, kowa na son ya shiga sabon ɗaki kafin Salla. Daga baya ya ga yankan busasshe ya fi sauri, babu rataye galan, babu masu gida suna mitar an caɓa musu ƙasa. Sannu a hankali galan ɗin ya daina fita daga gida. Wata rana na je Argungu gaishe da gwaggo, na ga robar nan an ɗaure ƙyauren akurkin kaji da ita, ɗan tayan na lilo. Injin kuwa na nan a kan tabarma da sabuwar safa a gindinsa. Na gani da idona, na wuce. Na tuna ma tsokanarsa na yi a kan tumbin da bai da shi.

Tarin ya fara ne kamar na kowa. Aka ce mura, aka ce sanyin fadama ne, tunda yana taimaka wa ƙannensa a gonar shinkafa. Da ya fara ramewa aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata da watanni, babu sauƙi. Mutumin da ke ɗaukar kwali biyu na tayil ya hau bene ya koma in ya je masallacin unguwa sai ya huta a hanya. A ƙarshe aka ce a kawo shi Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙirji. Gidana ya sauka, ni na kai shi.

Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ajiye hoton. Ya ce garin dutse ne ya zauna a huhu, kuma irin wannan in ya shiga ba ya fita, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ya ce, “Ba ku sa ruwa in kuna yanka?”

“Muna sawa da, likita,” in ji taubashina.

Bai dube ni ba. Da ma ya dube ni.

A makon nan na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na yi tambaya a kan raɓar ruwan nan a bakin mai azumi, kamar ta wani ce. Ya ce abin da ya fi ƙarfin mai sana'a, bai nufe shi ba, bai haɗiye da gangan ba, azuminsa na nan. Ya ce wa ya ce masa ya karye? Na ce wani ne. Na fito na kasa tayar da mashin, na daɗe zaune a kai.

Da numfashin ya ƙara tsanani aka haɗa mu da tukunyar iska ta asibiti. Ya ƙi gado, ya ce a falo ya fi jin iska, aka shimfiɗa masa katifa a gindin taga. Nas ta nuna mini yadda ake murɗa makunnin, da ɗan ƙwallon da ke tashi a cikin gilashi, ta ce kada ya wuce wannan layin. Ni na zama mai auna masa iska. In na murɗa da gaggawa sai ya ɗaga robar hancinsa ya ce hannuna bai da ladabi, abu ne da ake yi da kunne. Yana kwance yakan miƙa hannu yana shafa bakin tayil ɗin da ke kusa da kansa. Sau ɗaya ya ce, kamar da kansa yake magana, “Daga nan aikin ga bai yi kyau ba.”

Na yi kwanaki ina shirya maganar. Matsalar ita ce ban san yadda ake yi masa magana ta gaske ba, ban taɓa yi ba. Wata safiya da hantsi, yara sun tafi makaranta, matata na wanki a baya, na zauna a ƙasa kusa da shi.

“Yaya,” na ce. Tunda nake ban taɓa kiransa haka ba.

Ya buɗe ido. “Lahiya, Akawu? Ko kai ma a sa ma iskan?”

“Ina son ka yahe mani.”

“Mi kay yi?”

“Maganar da niy yi ranar nan. Ta ruwa. Nan wurin ga.”

Ya ja numfashi. Sannan ya maimaita mini ita, da muryata, da yadda na ja “bawana”, har kwaɗon, har rabin ladan. Kalma ɗaya bai bari ba. Ni da na faɗe ta ma sai a bakinsa na tuna yadda na jera ta. Shi kuwa ya kama dariya har ta zama tari, na tallabe shi, na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna.

Da ya lafa ya ce, “Yau ɗan namiji na roƙon bawanai? Bari in sa a kira mutane su shaida.”

“Ba wasa nikai ba, Yaya. Don Allah.”

“Ƙara mani iska dai,” in ji shi. “Yau ba azumi nikai ba.”

Na murɗa makunnin har ƙwallon ya taɓa layi. Ya rufe ido, bakinsa da sauran murmushi. Na zauna ina jira ya ƙara wata kalma, barci ya ɗauke shi. Na ce gobe zan sake. Washegari ƙannensa suka zo da mota, ya ce gida yake so, wurin gwaggo. Falon ya cika da mutane, ban sami yadda zan keɓe da shi ba. Da ana sa shi a mota ya ce in kula da tayil ɗinsa, kada in riƙa jan kujera a kai kamar baƙauye. Kwana shida bayan nan aka bugo mini waya.

A wurin jana'iza, kafin a yi masa salla, baffansa ya miƙe ya ce duk wanda mamacin ya yi wa laifi, don Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, “Mun yahe.” Ni ma na amsa. Na tsaya ina jin kamar akwai sauran rabin tambayar da ba a yi ba, amma liman ya riga ya ɗaga hannu.

Matata ta ce ya yafe, wai dariyar nan ita ce yafiyar, haka taubasai ke yi. Gwaggo, da na kasa riƙewa na gaya mata, ta ce kwanansa ne ya ƙare, in daina ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Likita ma zai ce ba wata ɗaya ba ne ya cika huhun. Duk na ji, kuma ina so in yarda. Abin da ban iya wucewa ba shi ne maimaitawar nan. Na yi masa tsiya dubu a rayuwarmu, na tabbata bai riƙe ko goma ba. Wannan kuwa ya ajiye ta shekara da shekaru, ba ta ko goge ba.

Har yanzu in azumi ya zo na bi ta gefen wani gini na ji kukan faifai, nakan tsaya. Kunnena ya koyi abin da taubashina ya ce, ina gane mai ƙishirwa. Nakan shiga in ce wa mai aikin ya sa ruwa, azuminsa ba zai karye ba. Wasu su ce to, wasu su dube ni kamar taɓaɓɓe.

Bana matata ta ce tayil ɗin falo ya tsufa, an daina yayinsa, mu canza. Na ce sai baɗi. Bara ma haka na ce mata. Da ta fita na durƙusa a gindin taga, na sa yatsa a kan na ƙarshen da ya yanka da ruwa, na ce, “Yaya, don Allah.” Na ɗan jira, kamar yadda na jira ranar.