Zanen Gado da Wandon Madani

Gado ya rasu ranar Talata, yau kwana arba'in ke nan. Shekara talatin muna maƙwabtaka a ƙauyenmu na gefen garin Haj Abdalla. Ni Alhasan, karatuna bai yi nisa ba, amma na ga in ban rubuta wannan ba, wata rana ba wanda zai tuna yadda abokina ya rayu.

A hanyar hajji aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Sakkwato, ba su kai Makka ba, suka zauna a nan yankin Jazira, cikin Larabawa. Gado bai taɓa mallakar hawasha ba, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, babbar magudanar da aka haƙa don noman rani. Aikinsa ban ruwa ne a hawashar wasu, ni ma haka. In ruwa ya zo layinku, dole ku buɗe shi a ranar, don in ya wuce sai bayan mako biyu.

A lokacin shita, wato hunturu, wajen watan Janairu, ruwan tur'a da sassafe yanka ƙafa yake yi kamar aska. Mu duka da wando muke shiga. Gado kaɗai ke ɗaura zane, saƙi mai kauri irin na mutanen da, ya ninka shi biyu daga ƙugu zuwa gwiwa, ya tamke da igiya. Kafin ya fito gida sai ya mulke ƙafafunsa da man riɗi da aka dama da citta. A sama riga biyu yake sawa, ya yafa guntun bargo a ƙirji, ya naɗe kunnuwa da wuya da rawani. Wani zanen busasshe yana ɗaure a kansa. Da ya fito daga ruwa sai ya saki jiƙaƙƙen, ya ɗaura busasshen, ya sha kununsa mai barkono. Yakan ce sanyi ba ta gwiwa yake kama mutum ba, ta ƙirji ne da kunne da jiƙaƙƙen tufa.

Kullum sai na tsokane shi.

"Amarya, ina kwana? Yaushe za a kai ki ɗaki?"

"Sai wandonka ya bushe, Alasan. Ka ga sai azahar ke nan."

Kuma gaskiyarsa ce. Mu muna karkarwa har rana ta yi sama, shi yana tafe yana fito. Ko mura ban taɓa ganin ya yi ba.

Ɗiya ɗaya gare shi, Asabe. Mahaifiyarta Dije ta rasu tun tana ƙarama, shi ya rene ta, har kitso ya koya saboda ita. A shekarar sittin da shida ta auri wani malamin makaranta a birnin Madani, Abdussalami, mutumin kirki. Amma ranar da danginsa suka zo ɗaukar amarya, ruwa ya zo layinmu. Gado ya je ya buɗe, ya dawo da zanensa iya gwiwa, ƙafafu duk taɓo. Matan suka yi dariya, wata ta faɗi magana da Larabci, Asabe ta ji daga ɗaki.

Shekara uku ba ta tako ƙauyen ba. Ta haifi Ibrahim, ta haifi Sakina. Gado ya je sunan na fari ya kwana ɗaya, ta biyun kuwa bai taɓa ganinta ba. Bai yi ƙorafi ba, sai dai duk lorin da ya tsaya a bakin hanya sai ya ɗaga kai.

Wata rana na shiga Madani sayen shebur, na biya na gaishe ta. Da zan tafi ta miƙo mini ƙunshi, wandon ulu ne mai kauri.

"Baba Alhasan, ka ce masa in ya riƙa sa wannan, zan kawo yaran hutun makaranta. Dangin mijina suna da baki, ba na son a sake."

"Ɗiyata, ke ba ki san dalilin zanen nan ba?"

"Na san tsohon yayi ne. Ai wannan ya fi ɗumi."

Na kai masa. Ya juya wandon a hannu, ya shinshina shi, ya ce, "Hutun nan saura nawa?"

Na ce wata guda. Na ba shi shawara ya sa shi daga gida zuwa bakin tur'a, in zai shiga ruwa ya tuɓe ya rataye.

"A bakin ruwan ai can mutane ke ganina. Ta ce in riƙa sawa, Alasan. In na tuɓe na yi mata ƙarya."

Mun yi musu har shayinmu ya huce, bai ji ba.

Lokacin ana shayar da alkama. Kwana tara yana shiga ruwa da wandon nan. Ulu in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya manne a cinya, iskar safe ta bi ta kansa. Ina ganin leɓensa yana rawa, in na yi magana ya ce in kula da layina. Rana ta goma ya kasa tashi sallar asuba. Zazzaɓi da tari, haƙarƙarinsa na suka. Muka kai shi wurin likita a Haj Abdalla a kan amalanke, aka yi masa allura, aka ce huhunsa ne. Na ba direban lori saƙo zuwa Madani.

Washegari Asabe ta iso da mijinta da yaran. Ban faɗa mata komai ba, ban ga amfanin ƙara mata nauyi ba. Da safe ta tattara kayansa za ta wanke. Ta ɗauko wandon daga inda muka jefa shi kwana uku da suka wuce, har lokacin da danshi. Ta wanke shi tare da zanen, ta shanya. Kafin hantsi zanen ya bushe. Wandon kuwa har la'asar yana ɗiga. Na gan ta tsaye a bakin igiya, ta riƙe ƙafar wandon a tafin hannunta, ta daɗe a haka.

Ta shiga ɗakin, ina zaune a gefen gadonsa.

"Baba, me ya sa ba ka aiko ka faɗa mini ba?"

"In na faɗa miki, da kin zo?"

Ta durƙusa ta kifa kanta a gefen gadon. Ya dafa ta, ya ce, "Ya isa. Ina matar tawa? Tun jiya nake jin muryarta, ba a kawo mini ita ba."

Aka ɗora masa Sakina a ƙirji. Ta kama gemunsa ta ja. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Alasan, wannan ta fi ƙarfina, na bar maka."

Ya warke bayan mako uku, ko da yake numfashinsa bai koma yadda yake ba. Ya koma bakin tur'a da zanensa. Daga wannan shekara Asabe ba ta ƙara tsallake hutu ba, wani lokaci ma har da ƙannen mijinta take zuwa, su tarar da shi yana dawowa daga hawasha, ta fito ta karɓi sheburinsa a gabansu.

Shekara biyar ya samu a haka. Ya ga Ibrahim ya shiga makaranta, ya ga Sakina ta fara famfara. Da ciwon ƙarshe ya zo, da bazara ne, kwana shida ya yi a kwance. Asabe da yaran suna gidan tun ranar farko, ita ta aiko a kira ni da hantsi, na riƙe hannunsa har ya cika.

Ina kewarka, Gado. Allah Ya sa ka huta, Ya haɗa mu a inda ba rabuwa.