Ragon Gayyar Yakubu

Ni na yanka ragon. Gara in fara da wannan, don na daɗe ina ba da labarin Yakubu ina tsallake wurin.

Tare muka tashi da shi a ƙauyenmu na bakin kogi, tafiyar rabin yini daga garin Rusairis. Iyayenmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya. Har suka tsufa suna cewa kan hanya suke. Yakubu na goye ubansa ya rasu, ya bar shi da uwarsa Inna Huseina da gonar dawa mai baƙar ƙasa, irin wadda in ta jiƙa take ƙwace wa mutum takalmi.

Mafaɗaci ne tun yana yaro, kallo kaɗai ya isa ya sa shi tuɓe riga. Da aka fara gina madatsar ruwa muka tafi aikin ƙarfi, mu samari da yawa. Mu muka dawo da rediyo da agogon hannu, shi ya dawo Kirista. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi can, wasu Kiristoci 'yan kudancin ƙasar da suke kwana rumfa ɗaya suka yi jinyarsa wata guda, ya ce a wurinsu ya ga abin da ya ja shi. Ban fahimta ba a lokacin, yanzu ma ban ce na fahimta ba.

Inna Huseina ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tashi ta ɗora masa tukunya. Mu kuwa muka cire shi daga siniya, wato farantin da maza ke haɗuwa su ci a ƙofar gida. Shi ma bai sauƙaƙa mana ba. Shekararsa ta farko ya ishe mu da gardama, ko gaisuwa ka yi masa sai ya mayar da ita wa'azi.

Daga baya sai bakin ya mutu. Duk Lahadi yakan taka zuwa Rusairis, inda Kiristoci suke taruwa a wata rumfar kara, kuma wani tsoho a cikinsu ne ya ce masa surutunsa ya yi yawa, zuciyarsa kuma tana nan da zafinta. Ya ba shi aiki: kullum da safe ya ambaci sunan wanda ya ɓata masa rai ya roƙa masa alheri, sannan a ranar ya yi masa wani abu da hannunsa. Muka mai da abin dariya. In ka tashi ka ga Yakubu yana gyara maka darni, to tuna me ka yi masa jiya. Amma faɗan ya ragu a kan idonmu, kuma shekara huɗu ba a yi gayya a garin babu shi ba. Shi ne farkon zuwa, in an sauke abinci ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe.

Gayya a wurinmu, wadda Larabawa ke ce wa nafir, tana da doka. Mai gona zai kai wa sarkin samari shayi da sukari a sa rana, ya yi yanka, a yi masa aiki a ci abincinsa. Ba a aiki a ƙi ci, wannan zagi ne. Wanda kuma ya zo taka, dole ka je tasa.

Kakar 1967 dawar Yakubu ta yi kyau fiye da ta kowa, sai ga jan baki sun sauko garke-garke. Tsuntsayen nan in suka samu gona kwana kaɗan ne. Mutum ɗaya da tsohuwa ba za su iya yanke ta ba, kuma ita ce abincinsu na shekara. Karon farko ke nan da ya nemi gayya. Sodangi, sarkin samarinmu, ya karɓi sukarin ya sa Laraba.

Ranar da sassafe Yakubu ya yi sallama da ni.

"Garba, taho ka yanka min ragon ga. Na san ba a cin yankana."

Na bi ta bayan gida, na fuskantar da ragon gabas, na yi bisimilla na yanka. Ina wanke wuƙa na roƙe shi kada ya gaya wa kowa ni ne. Da ma an fara kirana abokin Nasara, ni kuwa ina harin sarautar samari in Sodangi ya sauka. Ya kalle ni, sannan ya ce ya yi alkawari.

Hantsi ya yi, mun taru gindin tsamiya da wuƙaƙenmu, makaɗi har ya rataya ganga, sai wani ya tambaya wa ya yi yankan. Sodangi ya sa aka kira Yakubu. Yakubu ya ce Musulmi ne ya yanka. Aka ce wane ne, ya ce ba zai iya faɗa ba. Bai ko kalli inda nake ba. Ina tsaye a nan, jinin ragon bai gama fita daga ƙumbata ba, na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar wuƙa.

"Shi ke nan," in ji Sodangi. "Ba mu cin mushe."

Tunda ba za a ci ba, ba za a yi aikin ba. Aka watse. Ko liman ba a tambaya ba, kowa ya ji daɗin samun dalili.

Inna Huseina ta yini a gaban tukwanen tuwo da naman mutum talatin. Ta aika gidaje da shi, ana dawo mata da kwanukan a rufe, washegari ta zubar bayan gari. Ita da Yakubu, su biyu suka shiga gonar, tsuntsaye na ci a gaba suna yanka a baya. Abin da suka kai rumbu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kafin damina ta faɗi tsohuwar nan tana tafasa ganye.

Bayan kwana tara aka yi tawa gayyar. Ina isa gona na tarar da shi ya riga kowa, ya yanke kunya biyu ta dawa. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce masa ashe ya huce.

"Ban huce ba," ya ce, bai daina yanka ba. "Kwana tara ina kiran sunanka da sahe, yana yi min ɗaci a baki. Na taho ne ko aikin ga ya fidda min shi."

Da aka sauke abinci ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe, kamar kullum. A shekarar aka ba ni sarautar samari.

Inna Huseina ta rasu bayan shekara uku, shi kuma ya koma kamun kifi a bakin madatsa. Duk zuwansa gari yakan kawo min busasshen kifi, ni kuwa kowane ƙunshi sai ya hana ni sakewa, don ban san ko kyauta ba ce ko har yanzu aikin tsohon nan yake yi a kaina. Ban taɓa tambaya ba. Ciwon saifa ya kashe shi a 1974, bai kai arba'in ba, mutanen rumfarsu suka binne shi.

Ranar da labari ya iso na tashi a ƙofar gidan Sodangi, gaban siniya, na ce ni na yanka ragon. Na zaci za a zage ni, har ina so. Sodangi ya gama tauna lomarsa ya ce, "To, mi a amfaninta yanzu?" Aka ci gaba da cin abinci.

Gonar tana nan, wani ke nomanta. Yaran da ba su taɓa jin sunan Yakubu ba suna kiranta gonar mushe.