Petro Lamangau da Ganyen da Ya Tare Hanya

Tun kafin in tafi karatu aikin Petro Lamangau ke nan: da sassafe ya ɗauki adda, ya hau tudu zuwa idon ruwa, ya kwashe shara daga bakin bututun da ke shayar da ƙauyenmu. Na dawo da furfura na tarar yana yi. Ba wanda ya sa shi.

Shi ya fara ganin ruwan ya yi ja. Kamfanin katako ya yanko hanya, ya doshi dajin da ke saman idon. Maza suka yi taro, aka yi ta ɗaga murya. Petro ya sari ganyen gorgor, ya ɗaura a sanda, ya kafa tsakiyar hanyar. Duk ɗan tsibirinmu na New Ireland ya san ba a ƙetare gorgor sai an zauna da wanda ya ɗaura. Mata suka biyo shi da tukwanensu, suka zauna bayan sandar.

Direban katafilar farko Kiyapin ne, ɗan ƙanwarsa, wanda zai gaji dajin ta wajen uwa.

"Kawu, ka matsa. Ganye ne fa, alade ma zai iya cinye shi."

"To sauko ka cire da hannunka, tunda ka girma."

"Za su kore ni, Kawu."

"Na sani. Ga uwarka can da tukunya. Je ka gaya mata ruwan da za ta sha."

Kiyapin ya kashe injin. Kamfanin ya kore shi daga aiki. Tun ranar bai sake gaishe da kawunsa ba.

Gorgor yana bushewa, in ya bushe hanin ya faɗi, kuma kamfanin abin da yake jira ke nan. Petro, kai ne ba ka bari ya bushe ba. Kai ne ka yi ta sabunta shi, cikin ruwan sama da zazzaɓi, har suka mayar da injunansu jirgin ruwa. Sun ce za su dawo, shi ya sa ba ka daina ba. Mai gadin idon ruwa, ka rasa gaisuwar ɗan ƙanwarka don mu sha.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi tudun. Makon jiya Kiyapin ya shigo, ya ɗauki addar daga ƙofar ɗakin Petro, ya hau tudun.

Mun gode, Petro. Sauran mu kuwa, kada mu bar wa mutum ɗaya. Ganye na nan bayan coci, kuma kowa ya san hanyar tudun.